Ƙafa Ashirin da Huɗu

Yana cikin ƙwaƙule busasshen siminti daga ƙarƙashin farcensa da bakin makulli aka kira rukuni na huɗu. Magini ya jefa makullin a aljihu ya gyara zama. Bencin na yara ne, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, amma tun ƙarfe goma yake zaune a kai bai yi ƙorafi ba. Ya bar katanga rabi a wurin aiki, ya ce wa abokan aikinsa kada kowa ya neme shi sai gobe, yau 'yarsa za ta yi bayani gaban iyaye.

Shekara guda ke nan yarinyar tana zuwa ajin da ake kira share fagen injiniya, Talata da Alhamis bayan an tashi daga makaranta. Shi dai bai san takamaimai abin da suke yi ba. Abin da ya sani shi ne tef ɗin awonsa ya daina kwana a jakarsa, kuma wata rana ta kwance fankar ɗaki ta mayar, sukurori biyu suka rage a tafin hannunta, fanka kuwa ta ci gaba da juyawa kamar ba a taɓa ta ba. Uwarta ta ce, "Ranar da ta faɗo mana a ka sai ku yi bayani, ke da ubanki da ke ɗaure miki gindi."

Rukuni uku sun riga sun wuce. Wasu sun haɗa gada da tsinkaye da gam, aka rataya mata bokiti ana zuba yashi har ta karye, aka tafa. Wasu sun yi ƙararrawar da ke kuka idan tankin ruwa ya cika. Magini ya tafa wa kowa, amma a ransa cewa yake ku bari tawa ta fito tukuna.

Ta fito da allon kwali a hammata. Tare da ita akwai ƙawarta, wata mai doguwar fuska da tabarau da ke kan keken guragu, wadda 'yan ajin suke kira Kalkuleta saboda lissafi. Malamar ajin ta ce, "Iyaye, waɗannan nasu aikin ba ya shiga ɗaki. Ku yi haƙuri mu bi su waje."

Aka ɗunguma zuwa ƙofar ɗakin karatu. Magini na ganin inda aka tsaya ya ji daɗi ya kama shi. Gangarar da ke hawa ƙofar nan, wadda aka yi domin masu keke, shi ya zuba ta da hannunsa shekara uku da suka wuce. Ga ta nan sumul, ko tsaga ɗaya babu. Ya juya wajen mutumin da ke gefensa, wani mai ƙaton tumbi da makullin mota a yatsa, ya buɗe baki zai gaya masa, sai ya ji muryar 'yarsa.

"Tsayin dandamalin nan daga ƙasa ƙafa biyu ne," in ji ta. Ba ta kalli inda yake ba. "Tsawon gangarar ƙafa goma. Ƙa'idar da muka koya ita ce, duk ƙafa ɗaya ta hawa tana bukatar ƙafa goma sha biyu ta tsawo. Ke nan ya kamata a ce ashirin da huɗu ce."

Magini ya rufe bakinsa.

Kalkuleta ta karɓa. "Shekara biyu ina makarantar nan, ban taɓa shiga ɗakin karatu da kaina ba. Sai na tsaya a nan ina jiran mai tausayi, kamar mai jiran mota. Saukowa kuwa ba a magana, sau ɗaya na gwada, bishiyar can ce ta tare ni." Mutane suka yi dariya, ita ma ta yi. "Ga wani keken mun aro. Wanda yake jin ƙarfi ya zo ya gwada."

Iyaye suka kalli juna. Mai tumbi ya yi tsaki ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "Irin aikin da ake yi mana ke nan. A samo wani da bai san hagu da dama ba, a ba shi siminti ya laɓta ya tafi. Ni a nuna mini wanda ya yi wannan."

Sai a lokacin yarinyar ta ɗago ta dubi ubanta, ta yi maza ta mayar da ido kan allonta. Nan ya tuna. Sau biyu cikin satin nan tana tsayawa a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi ta ce, "Baba, akwai wata magana," shi kuma ya ce mota za ta wuce shi, sai ya dawo.

Ya fita daga cikin mutane, ya naɗe hannun rigarsa, ya zauna a keken. Mutum ne da ke ɗaga bulo biyu lokaci guda ya miƙa sama. Ya kama tayoyin keken ya tura. Ƙafa uku na farko suka tafi lafiya. Daga nan gaban keken ya fara ɗagawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya ji kamar wani ya riƙe shi ta baya. Ya kai tsakiya ya tsaya cak. Da ya saki hannu ɗaya don ya sake kamawa, keken ya juya da shi ya gangaro, sai da malamar da shugaban makaranta suka tare shi.

Ya miƙe yana haki. Ranar da ya gama aikin nan, da baro ya gwada shi, cike da yashi, ya tura ya hau ya ce ya yi. Ba wanda ya ba shi zane, cewa aka yi a yi gangara, shi kuma ya auna da ido kamar yadda ya saba. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mai tura baro yana da ƙafafu a ƙasa ba.

"Ni na yi ta," ya ce.

Mai tumbi ya shiga duba makullin motarsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Mamana, ba ni tef ɗina."

Ta ciro shi daga aljihun siket ta miƙa masa da hannu biyu. Ya durƙusa da rigarsa ta fita, ya auna tsayi, ya auna tsawo, ya sake aunawa. Biyu da goma. Ya saki tef ɗin ya koma gidansa da ƙara.

"Gaskiyarku ce. To, ashirin da huɗun a ina za ku sa ta? Ga kwata nan a ƙafa goma sha biyar."

"Mun gani, Baba." Ta juya allon. Sun zana gangarar ta tafi ƙafa goma sha biyu a jikin bango, ta sami fili na hutawa, sannan ta juyo ta ƙarasa sauran. Komai da lambarsa a gefe, har da ƙarfen riƙewa. Ya daɗe yana kallo, yana bin layin da ɗan yatsansa mai kaushi. Ya yi aiki da injiniyoyin da zanensu bai kai wannan tsabta ba.

"Wannan filin na tsakiya, shimfiɗe kuka yi shi?"

"Shimfiɗe sarai," in ji Kalkuleta. "Don keke ya tsaya."

"To, ranar da aka yi ruwa a tafki za ki tsaya, 'yata. Ga indararo nan a samansa. Ana ɗan karkata shi waje, kaɗan, yadda ido ba zai gani ba amma ruwa ya gani. Kuma ba a shafe fuskarsa sumul irin yadda na yi wannan. Tun siminti yana ɗanye ake jan tsintsiya a kai, don taya ta sami abin kamawa."

Yaran suka kalli juna. Kalkuleta ta zaro biro daga bayan kunne ta rubuta a gefen allon. Malamar ta ce, "Wannan ba ya cikin littafin da nake koyarwa da shi. Malam, ko za ka zo mana wata Alhamis?"

"Alhamis ina aiki," ya ce. Ya dubi shugaban makaranta. "Amma Asabar ina nan. A kawo kaya, hannu nawa ne. Ni zan fasa ta, tunda ni na san abin da na zuba a ciki. Su kuma su riƙe igiya da awo, abin da suka ce shi zan bi."

Aka tafa, bai tsaya saurare ba. Yana kakkaɓe gwiwar wandonsa ne.

A motar komawa gida sun sami kujerar baya, allon kwalin a tsaye tsakanin ƙafafunsu. Yarinyar tana ta murza bakin mayafinta har suka wuce kasuwa.

"Baba, na so in gaya maka. Malama ta ce kowa ya nemo abin da ke damun wani a makaranta, ita kuma ƙawata wannan ne yake damunta. Na so mu canza aikin da na gane kai ka yi gangarar, sai na ga idan mun canza..."

"Idan kun canza, sai ta ci gaba da jiran mai tausayi."

"Ban faɗi sunanka ba."

"Na ji ba ki faɗa ba."

Ya juya yana kallon taga. Ta ɗauka fushi ne, ta ƙara sunkuyar da kai. A gefensa akwai wani tsoho riƙe da ledar magani, yana gyangyaɗi. Magini ya daure har tasha biyu, sannan ya kasa. Ya taɓa gwiwar tsohon.

"Baba, ka ga yarinyar nan? 'Yata ce. Shekararta goma sha biyar."

Tsohon ya buɗe ido ɗaya. "Allah ya raya."

"Shekara ashirin da biyu ina gini, ba wanda ya taɓa sa ni fasa aikina. Yau ta kama ni da kuskure gaban mutum ya fi ɗari. Da tef ɗina kuma."

Tsohon ya buɗe ɗaya idon, ya dubi uban, ya dubi 'yar, ya rasa ko jaje zai yi ko barka. Magini bai jira ba. Ya jawo allon ya ɗora a cinyarsa, ya karkata shi wajen haske.

"Mamana, matso. Wannan sha biyun da kuke ta faɗa, nuna mini yadda ake fitar da ita. Akwai wani asibiti da za mu fara wata mai zuwa."