Abin da Baba Ya Ji a Bayan Auta

Gidan yana hawa na uku, kuma wanda ya gina benen bai taɓa tunanin zai tsufa ba. Matattakalar ƙunci gare ta, ga kwana a kowane hawa. Tun da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, hanyarsa ta zuwa ƙasa guda ce, wato bayan ɗansa Auta.

Auta suna ne kawai. Shi ne ƙarami a gidan, shi ne kuma wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin. Yana aiki a wani sito inda ake sauke akwatunan lemo daga manyan motoci, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa da katin asibiti. Kullum da safe kafin ya fita sai ya durƙusa a gaban gado, Mama ta ɗora masa hannun Baba mai lafiya a kafaɗa, ya miƙe da tsohon kamar ya ɗauki jakar makaranta. A ƙasa akwai kujerar roba a bakin shagon mai aski. Nan Baba yake wuni da tsofaffi 'yan'uwansa suna gyara duniya da baki, har yamma Auta ya dawo ya mayar da shi sama. Mai aski kan ce, "Ga jariri nan da uwarsa," Baba kuma ya zage shi da rabin bakin da ciwo ya bar masa.

Wanda aka goya, kunnensa a bayan mai goyo yake zama. Shi ya sa Baba ya riga kowa ji.

Tarin ya fara kamar na kowa. Mama ta ce mura ce, ta dafa masa ruwan zafi. Auta ya biya kemis aka ƙunsa masa ƙwayoyi kala-kala, ya sha na kwana biyu, zazzaɓin ya ɗan lafa, ya watsar da sauran a kan firiji. Amma da safe, a kan matattakala, Baba ya ji wani abu a ƙasan kafaɗar yaron ta dama. Duk numfashin da ya ja sai a ji ƙara a ciki, kamar ana murza leda. Rigarsa kuma zafi rau, alhali rana ba ta ko fito sosai ba.

Baba ya ji, ya kuma gane ba lafiya ba. Sai ya ja bakinsa ya tsuke. Dalilinsa ba mai kyau ba ne, shi ma ya sani. Bara da aka tura Auta aiki wani reshe, Baba ya yi makonni a ɗaki yana kallon fanka, har ya fara faɗa da labule. Ya san halin Mama, ranar da ta ji ƙirjin yaron ba daidai ba, ranar goyo ya ƙare. Yana son ɗansa, wannan ba a tambaya. Amma yana tsoron ɗakin nan ƙwarai, kuma tsoron ya fi ƙarfinsa. Sai ya riƙa gaya wa kansa abin da kowa ke faɗa, cewa yaro ne mai jini a jika, zai warware.

Bai warware ba. Ya fara tsayawa a kowace kwana ta benen, wai takalminsa ne ya zame. In ya yi tari sai ya dafe haƙarƙarinsa na dama ya runtse ido. Wata safiya ya tofar da kaki a kwata, Baba ya leƙa ta kan kafaɗarsa ya ga launin tsatsa. Ƙarar ledar ma ta bar gefe ɗaya, ta koma ko'ina kunne ya sauka.

A gidan kuwa ba wanda ya kula, don gida ya riga ya yi majinyacinsa. Magungunan da ke kan tebur na Baba ne, filo mai laushi na Baba ne, masu zuwa dubiya Baba suke yi wa sannu. Auta sai dai a ce masa ya ɗan matsa da tarin nan kar ya shafa wa tsoho.

Sau ɗaya Baba ya yi magana, suna tsakiyar sauka.

"Auta, tarin nan naka, da ka je an duba ka."

"Haba Baba, jiki da jini ne. In na kwanta wa zai sauko da kai? Mai aski?"

Suka yi dariya, ta Auta ta ƙare da tari. Baba ya ji nauyi ya sauka daga ransa, ai ya faɗa. Ya faɗa ne dai da irin muryar da mutum ke yin tayi da ita yana fatan a ƙi karɓa.

Ranar da abin ya faru, da yamma ne, suna hawa. Tsakanin hawa na biyu da na uku Auta ya juya a hankali ya zauna, ya jingina uban da bango don kar ya faɗi. Numfashinsa sama-sama, leɓɓansa sun yi duhu, yana wata magana game da motar da ba a gama saukewa ba. Baba ya buɗe baki ya yi ihu, abin da ya fita bai yi kama da magana ba, amma ya isa ƙasa.

Mai aski ya hau da gudu, da maƙwabta a bayansa. Suka ga tsoho mai shanyayyen jiki a jingine yana ihu, suka ga ƙaton saurayi a zaune a gefensa. Ba su yi wata-wata ba suka ciccibi tsohon.

"Ba ni ba," in ji Baba. "Shi."

In ya tsorata harshensa sarƙewa yake yi, ba su fahimta ba. Mai aski yana ta cewa, "Sannu Baba, yi haƙuri, mun kusa." Suka kai shi har gado, suka gyara masa filo, wani ya kunna fanka. Sai da Mama ta fita neman Auta ya kira mota, ta same shi a kwance a kan matattakala.

Washegari da hantsi Mama ta dawo daga asibiti ɗaukar zannuwa da fulas. Matar maƙwabcinsu da ta zauna da Baba ta ba su wuri. Mama tana ninke kaya tana magana, ba ta kalle shi ba.

"Sun ce ciwon huhu ne, nimoniya. Ya kama duka biyun, wai har ya shiga jini. An sa masa iskar nan ta hanci. Likitan ya ce da an kawo shi tun farko, magani ne kawai za a ba shi ya sha a gida." Ta zuge jakar. "Sai tambayata yake yaushe ya fara, ta ina ya fara. Na tsaya kamar ba ni na haife shi ba, Malam. Ban sani ba."

Baba ya haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, don kar su sarƙe.

"Ki ce masa tun makon da ya sayo ƙwayoyin nan. A dama ya fara, a ƙasan kafaɗa. Daga baya ya koma hagu."

Mama ta ajiye jakar. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe ka sani."

"Na sani."

Ta zuba masa ruwa a kofi, ta matso da shi inda hannunsa mai lafiya zai kai, ta ɗauki jakarta ta fita.

Auta ya rasu kafin ƙarshen makon. Mama ba ta gaya wa kowa maganar ba, ko 'yarsu babba da ta zo daga nesa. Tana ba Baba maganinsa a kan lokaci, tana juya shi, tana canja masa riga. In ta gama sai ta fita ta ja masa ƙofa.