Kafa a Kurmin Atra

Kifi ya zo a ranar da babu itacen ƙyafe shi. Tun da hantsi mazan Seglakope suka jawo taru zuwa gaɓa, ya fito da nauyin da rabonsu da jin irinsa tun kafin teku ta cinye tsohuwar kasuwa. Aka zube shi a kan yashi tsibi-tsibi, yana ƙyalli kamar an farfasa madubi. Mata na gudu da manyan kwanoni, tsofaffi na dariya da ragowar haƙoransu. Esinam ce kaɗai ta tsaya riƙe da ƙugu tana duban rana, domin ta san kifi ba ya jiran kowa. Kafin gobe war haka ƙuda ya gaje shi.

Murhunan bandarta suna nan a jere bayan gida, amma ɓawon kwakwar da ta tara bai fi ya ƙyafe kwano biyu ba. Jirgin da ke kawo itace daga can saman kogi kuwa sai ranar kasuwa. Itacen da ke kusa, wanda ana iya hango shi daga ƙofar ɗakinta, shi ne kurmin atra, itacen nan da ke tsirowa cikin taɓon ruwan gishiri, da ya tokare tsakanin bayan gari da bakin kogi, itatuwansa tsaye a kan dogayen saiwoyi kamar mutanen da suka tattare wando za su haye ruwa. Kuma duk garin babu wanda ya fi Esinam sanin cewa ba a taɓa shi.

Ita ce ta sa aka hana. A shekarun da teku ta fara shigowa gari, ta haɗiye gidan mahaifinta da rijiyar unguwarsu, Esinam ce ta bi mata gida-gida tana cewa teku ta gaba ta fi ƙarfinsu, amma ruwan da ke zagayowa ta baya idan teku ta cika, atra ne ke karya masa gwiwa. Ita ta shige gaba suka shiga taɓo har cinya suna dasa sabbin itatuwa a inda iyayensu suka sare. Ranar da aka ɗaura ganyen kwakwa a bakin kurmin alamar hani, Togbi Amega, sarkin masunta, ya zuba barasa a ƙasa, fasto ya yi addu'a, aka ce duk wanda ya sa adda a ciki ya rabu da kwalekwalensa. Tun daga ranar ake kiranta uwar kurmi.

Washegarin zuwan kifin Asabar ce, kuma ana jana'izar wani dattijo a ƙauyen da ke hayi. Gari ya watse can. Esinam ta ce kanta na ciwo. Da rana ta take, ta kira ƙaninta Setor, wanda ya tsaya gyaran taru, ta nuna masa kifin da cikinsa ya fara laushi.

Setor ya dube ta ya ce, "Yaya, ke ce fa."

"Na san ni ce. Ta ciki za mu shiga, inda ba a gani daga gari. Tsofaffin kawai, waɗanda suka kusa faɗuwa da kansu. Sau ɗaya."

Suka tura kwalekwale ta wata siririyar hanyar ruwa. A ciki akwai sanyi da warin taɓo, kaguwa na gudu a kan saiwoyi. Da farko busassun suka zaɓa. Amma busassun ba su da yawa, kifin kuwa yana da yawa, kuma don kwalekwalen ya iya juyawa da kaya sai da suka sare wasu ɗanyu. Lokacin da suka fito, Esinam ta waiwaya ta ga sararin sama a inda da ganye ne. Ta ce a ranta zai toho.

Kifin ya ƙyafu, ya yi ja ya yi maiƙo. Ba nata kaɗai ba, har na maƙwabta ta karɓa ta sa a murhu, ta ce wani tsohon itace ne da ta ɓoye. Ba wanda ya tambaye ta fiye da haka. A makon nan kowane gida ya ci tuwon masara da miyar da ake ganin kifi a cikinta ba sai an laluba ba.

Sai dai kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya fara ganin kafar da aka buɗe bai faɗa wa kowa ba, adda ya koma ya ɗauko. Na biyu ma haka. Esinam takan ga hayaƙi mai ƙamshin atra na tashi daga gidajen da ta san ba su sayi itace ba, ta sunkuyar da kai ta wuce. Da can da ta tsaya a ƙofar gidan ta tara wa mai shi jama'a. Yanzu idan ta buɗe baki sai ta ji kamar harshenta ya yi nauyi. Matan da suka yi dashe tare suka fara tsokanarta, wai uwar kurmi ta tsufa, ko kuwa wani ne ya sace mata zuciya har ta daina zagayen safe. Takan yi dariya tare da su.

Da wata ya cika a tsakiyar damina, teku ta kumbura fiye da yadda tsofaffi suka saba gani. Da la'asar ne. Kowa ya tafi gaɓa yana jan kwalekwale zuwa tudu, ana kallon igiyoyin da ke dukan kututturan kwakwa, ba wanda ya kula da baya. Ruwan ya tura cikin bakin kogi, ya sami kafar nan a buɗe, ya bi ta kamar an share masa hanya. Kafin a ankara ya mamaye gonakin albasa, ya faɗa rijiyar da ta rage wa gari, ya kewaye gidajen ƙasa da ke gefen fadama.

A ɗaya daga cikinsu tsohuwa Ablavi take, ƙawar mahaifiyar Esinam, wadda ta yi mata wankan jego a haihuwarta ta fari. Bangon ɗakinta ya sha ruwa ya zauna, ya danne mata ƙugu. Esinam na cikin waɗanda suka ciro ta. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, sai dai ta riƙe wuyan rigar Esinam tana tambaya ko an kwance akuyarta.

Da ruwa ya janye ya bar farin gishiri a kan kunyoyin albasa. Ganyen ya kwanta ya yi rawaya. Maza suka bi sawun ruwan har cikin kurmi, suka tarar da fili mai faɗi cike da kututture, a gefensa kuma kwalekwalen Dovi da ɗan ƙullin itace a ciki.

Dovi mai kamun kaguwa ne. Daga hayin kogi ya zo ya auri 'yar garin, ta rasu ta bar shi, shi kuma bai koma ba. Ba shi da dangi a Seglakope sai kabarin matarsa. A gaban taron da aka yi ƙarƙashin rumfar Togbi bai musa ba. Ya ce ya sara, ƙulli ɗaya, don ya dafa abin da zai kai kasuwa, amma a buɗe ya tarar da wurin. Aka tambaye shi wa ya buɗe, ya ce bai gani ba. Nan fa wuri ya kaure. Waɗanda suka fi ɗaga murya Esinam ta san ƙamshin hayaƙin gidajensu. Wani ya ce a ƙone kwalekwalen a gaban kowa. Setor na can baya, ya kafa wa yatsun ƙafarsa ido.

Togbi ya ɗaga sandarsa, ya ce a ji ta bakin uwar kurmi.

Esinam ta miƙe. Niyyarta ta faɗi gaskiya. Ta dubi matan da suka shiga taɓo a bayanta, ƙafafunsu har yau da tabon yankan ɓawon kawa na cikin taɓon, suna kallonta suna jira. Abin da ya fito daga bakinta shi ne kada a ƙone kwalekwalen, a riƙe shi kawai har kurmin ya warke. Aka yi ta gyaɗa kai, ana cewa ga mace mai tausayi.

Ta kasa cin abinci. Idan ta je ɗebo ruwa a motar da yanzu ke kawo wa gari, sai ta ga layin mata da jarkoki kamar ita suke nunawa. Ta je duba Ablavi kafin 'yar tsohuwar ta tafi da ita birni, tsohuwar ta shafa mata fuska ta ce, "'Yar nan, kin rame. Kada ki sa abin a ranki, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Mutum ne ba ya jin magana." Esinam ta fito ta kama hanyar gida.

Da safe ta sami Togbi Amega shi kaɗai a gindin kwakwa yana ɗinkin koma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce akwai maganar da ta kawo game da wanda ya fara buɗe kurmin. Bai ɗago ba. Ya ja zare ya ƙulla, ya ce idonsa ya yi rauni amma hancinsa lafiya lau, kuma shi ma ya ci kifin makon nan, ya san irin itacen da ke ba banda wannan launi.

"To, Togbi, a tara mutane in faɗa. A mayar wa Dovi abinsa."

"Ki faɗa, ki sami sauƙi. Sannan fa?" Sai a lokacin ya dube ta. "Ganyen kwakwar da muka ɗaura ba shi ke tsare kurmin nan ba, 'yata. Barasar da na zuba ma ƙasa ta shanye. Mutane sun bar shi ne don suna jin kunyarki. Ranar da suka ji uwar kurmi ce ta fara, kafin wata ya mutu ba za ki sami sandar korar kare a wurin ba. Idan teku ta sake cika, ba ƙugun Ablavi kaɗai za ta karya ba."

Ta ce to Dovi fa, da wane laifi zai ɗauki kayan gari duka. Togbi ya ce Dovi ya sara, ba ƙarya aka yi masa ba, sai dai an auna masa da babban mudu. Ya ce shi zai san yadda zai yi a mayar masa da kwalekwalen idan ƙura ta lafa. Ita kuwa ta tafi ta tara mata, akwai dashe a gabansu. Ya koma kan komarsa, alamar magana ta ƙare.

Aka yi dashen. Esinam ce a gaba kamar kullum, taɓo har cinya, tana soka 'ya'yan atra ɗaya bayan ɗaya a tsakanin kututturan, tana gane waɗanda sarar hannunta ce. Mata na waƙa suna saka sunanta a ciki. Har mutanen wasu ƙauyuka suka zo kallo, suka roƙi ta je ta koya wa matansu.

Ƙura ba ta lafa da wuri ba. Aka daina sayen kaguwar Dovi, aka daina amsa gaisuwarsa. Ba kwalekwale, sai ya riƙa bin gefen fadama da ƙafa. Wata ranar kasuwa da yamma Esinam na share toka a murhu ta ji sallama. Dovi ne, da ƙullin kayansa a kafaɗa da kwandon kaguwa a hannu. Ya ce jirgin itace zai haye da shi, zai koma wurin 'yan uwansa.

"Inna Esinam, ban so in tafi ban yi miki godiya ba. Ranar nan ba don kin yi magana ba, da kwalekwalena ya zama toka. Ko ban dawo na karɓa ba, na san yana nan." Ya ajiye kwandon a gabanta. "Babu yawa. Da ƙafa na kamo su."

Ta ce ya tsaya, ya zauna, akwai abin da take so ya ji. Ya yi murmushi ya ce ya san abin da za ta ce, cewa ya yi haƙuri, kuma ya riga ya yi. Roƙonsa ɗaya, idan ana share makabarta a sa hannu a kan na matarsa. Daga bakin kogi aka busa ƙahon jirgi, ya gyara ƙullinsa ya yi sauri.

Esinam ta bi shi har bakin hanya ta tsaya. Ta kira sunansa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Bai juyo ba.

Da ta dawo ta tarar Setor ya juye kaguwar a babban kwanon ƙarfe ya kife wani a kai. Ya tambaye ta ko a ɗora ruwa. Ta ce ya bar su tukuna. Ta zauna a kan turmi, hannuwanta a cinya. Rana na faɗawa bayan kurmi, a cikin kwanon kuma kaguwa na ta karce ƙarfe, suna hawa suna zamewa.