Kwanon Baba Mode

Ni Jibrin, shekara shida na yi ina wanke miki ina ɗaurewa a asibitin Sakkwato, tun lokacin da mutane ke gudun likitan Nasara, sai ciwo ya ci ƙarfinsu su zo. A da, dangin majinyata ke kawo tuwo, a juye a babban akushi, kowa ya sa hannu. Da zawo ya kwantar da mutum biyar a mako guda, sabon likita Bature ya kafa doka: Mariyatu mai girki ta dafa a cikin asibiti, kowa da kwanonsa, kowa a kan gadonsa, ba mai taɓa na wani.

Mun yi gunaguni, mun bi. Gaskiya zawon ya tsaya, ba zan ci amanar Baturen ba.

Sai matsalar Baba Mode. Tsoho ne manomin shinkafa daga Kwalkwalawa, da gyambo a ƙafa wanda ya fara haɗewa. Daga ranar da aka ba shi kwano nasa shi kaɗai, ya rufe baki. Kwana huɗu ruwa kawai yake sha. Gyambon ya koma zubar da ruwa, likita kuwa ya ce in bai ci ba, ƙafar za ta tafi.

Mariyatu ta ɗauka girkinta ya raina, ranta ya ɓaci sosai. Ta sake masa tuwon dawa, ta dama kunu, ta ƙara man shanu a ɓoye. Ina! Ko murfin bai ɗaga ba. Ni ma haushi ya kama ni, na tsaya a kansa ina ta faɗa, wai mutum da furfura yana taurin kai kamar jakin kasuwa. Allah ya yafe mini.

Ya bari na gama, sannan ya nuna gadon da ke kusa da nasa.

"Malam Jibrin, in ce ma wancan bisimilla, in ya miƙo hannu ku hana shi? Ko in ci shiru yana kallo na? Ban taɓa ci ni ɗai ba tun da anka haife ni."

Kunya ta rufe ni. Kwana huɗu ina duba kwano, ban dubi mutumin ba.

Da azahar, lokacin da likita ke zagaye, na ɗebo ruwan zafi da sabulu, na wanke hannuna har gwiwa a gabansa. Na ɗauko kwanon Baba Mode na zauna bakin gado. Na san a kan abin da bai kai wannan ba an kori mutum. Na gaya wa likita da Hausar da yake ji cewa gyambo ba ya bin tuwo, ni kuma lafiyata ƙalau, kuma wannan tsoho ba ya ci sai da abokin ci.

Baturen ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce ya yarda, amma Baba Mode kaɗai, kuma ni kaɗai zan ci da shi, kuma kullum sai na wanke hannu haka. Ya wuce gado na gaba.

Mariyatu na tsaye bakin ƙofa da ludayi a hannu. Baba Mode ya buɗe kwanon da kansa, ya ce bisimilla da ƙarfi, na amsa. Loma ɗaya, biyu, miya na zuba a zanin gado. Bai daina ba.

Tsokar nama guda ce a ciki, wadda likita ya rubuta masa don ƙafar. Ina gani ya tura ta da yatsa zuwa gefena. Na mayar masa. Ya sake turowa, ya harare ni.

"Baba, naka ne, magani ne."

Ya ɗauka ya raba biyu da haƙoransa uku da suka rage, ya ajiye mini babban a gabana, ya ƙi kai nasa baki sai da ya ga na tauna.