Kitson Kaltume

A ƙauyenmu da ke gabas da Ɗanbatta, in ka ga mace mai faɗin goshi, ba sai ka tambaya ba, tamu ce. Har a kasuwa tsokanarmu ake yi. Mu kuwa mun ɗauka gado ne, kamar yadda sanƙo yake bin mazan gidan Malam Badaru.

Kaltume ce mai kitsonmu. Hannu gare ta kamar ƙarfe. In ta ja miki shuku, sai ki kwana biyu ba ki iya dariya ba. Amma kitson sai ya daɗe bai tsufa ba, mu kuma abin da muke so ke nan, don wa ke da lokacin zaman kitso ga aikin gyaɗa?

Hankalinta ya tashi ne da gashin gaban 'yarta Raudatu ya fara zubewa, yarinyar ko sha biyar ba ta cika ba. Ta duba ko makero ne, ba ƙaiƙayi ba ɓawo. Ta ɗora laifin a kan zazzaɓin da yarinyar ta yi lokacin kaka. Ta shafa man kaɗanya, ta karɓo rubutu saboda bakin mutane. Sannan ta ƙara tamke kitson, wai kada sauran ya bi.

Ranar sunan jikar Malam Badaru zafi ya ishe mu a ɗakin mai jego, kowa ta zare ɗankwali tana fifita. A cikinmu har da Asiya, wadda ba sa ga maciji da Kaltume tun da akuyar Asiya ta cinye wa Kaltume wake. Asiya da kanta take yin kalbarta sako-sako, muna yi mata dariya. Gashinta ya cika gaba har ya kusa gira.

Kaltume ta dube ta, sannan ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk kan da ke ɗakin, ban da ɗaya, a cinyarta ya girma. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Washegari ta ja Raudatu har ƙofar ɗakin Asiya.

"Asiya, ga 'yarki. Ki tsefe mata, ki yi mata irin naki."

Asiya ta zaunar da yarinyar, ta shafa goshinta a hankali.

"Zai fito?" in ji Kaltume.

"Na gefe zai fito, in Allah ya yarda. Nan inda ya yi santsi kam, Kaltume, ya tafi."