Golmon Baba Haggai

Ga ta nan, ku matso kusa ku ji. Ta zo mu ji ta, kun ce ko? To, wannan dai ba ta Gizo ba ce.

Bilki na cikin ɗauraye tandar waina a ƙofar gida sai ta ga maƙwabcinta, Baba Haggai, ya fito da garma a kafaɗa, yana jan ƙafar nan tasa da harsashi ya lalata. Tsoho mai shekara tamanin ba ɗaya!

"Baba Soja, ina zuwa da sassafe haka? Ko yaƙin ne ya dawo?"

"Golmo zan je, ɗiyata."

Ta kwashe da dariya har ta kusa sakin tandar. Shi ko murmushi bai yi ba.

Ku da ba 'yan ƙasar Zuru ba, golmo shi ne noman da saurayin Dakarkari ke yi wa uban budurwa, damina bakwai, kafin a ba shi ita. Haggai ya yi shida a gonar mahaifin budurwarsa Saloma, can hanyar Ribah. Ana shirin ta bakwai aka zo ɗaukar soja, ya bi mota. Da ya dawo yana ɗingishi, tsohon ya tausaya masa, ya ce ɗauki matarka, ragowar sai ka warke. Ƙafa ba ta warke ba har tsoho ya bar duniya.

To daga nan maganar ta samo asali. Duk abin da ya tsaya cak a unguwarmu, gini ne ya kai taga ya ƙi gaba, ko famfo ya daina kawo ruwa, sai ka ji an ce "ya zama golmon Haggai." Shekara hamsin yana jin haka, yana taya mutane dariya.

Bilki ta shiga gidan da gudu. Ta tarar da Saloma zaune kan turmi, ta yi tagumi.

"Mama, kina gani za ki bar shi?"

"Na hana har bakina ya gaji. Jiya injin niƙa ya tsaya, Peculiar, amaryar jikanmu, ta dawo da dawarta. Muna cin tuwo ta ce, 'Baba, wai wane ragon mutum ne wannan Haggai da ake ta faɗa?' Ita Baba Soja kawai ta sani. Ya ajiye lomar, ya wanke hannu."

Bilki ta koma waje, ta cim masa yana ƙoƙarin hawa kabu-kabu, ta riƙe ƙotar garmar.

"Baba, maganar yarinya ce fa!"

"Ba don ita ba ne. Ni a ce mini rago, ba komai. Amma ba zan mutu ana cewa kyauta aka ba ni Saloma ba. Sakar mini."

Ta sakar masa.

Kwana biyu yana tafiya yana dawowa. Rana ta uku, wajen hantsi, Kefas, ɗan ƙanin Saloma wanda gonar ke hannunsa yanzu, ya kawo shi a tsakiya, tsakaninsa da mai babur, kansa ya langaɓe. Asibiti suka duba, suka ce a koma da shi gida.

Bilki ta dama kunun tsamiya ta kai. Cokali biyu ya sha.

"Ɗiyata, an ce layi nawa na huɗa?"

"Ai ka gama, Baba. Gona duk ta huɗu."

"Kai, Bilki. Ƙarya da ɗankwalin sallarki a kai?"

Ta sunkuyar da kai. "Tara."

"Tara," ya maimaita, yana kallon rufi. "Da can kafin rana ta yi zafi nake huɗa tara."

Saloma ta ja jiki ta zauna bakin tabarmar, ta ɗora hannunsa kan cinyarta. Jar ƙasar gonar na nan cikin faratansa.

"Haggai, ni ko damina ɗaya ka yi, da na bi ka. Ranar da motar soja ta tashi, har bakin rafi na bi ta da gudu."

"Sai yau kike faɗa mini?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ya yi wata 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Bilki ta ɗauki kwanon kunun ta fita, ta tsaya bayan rumbu tana kuka cikin gefen zaninta. Washegari Alhamis, ana kiran la'asar, ta ji muryar Saloma ta katanga, a hankali: "Bilki, zo ki taya ni."

An binne shi ranar Asabar, tsofaffin sojoji huɗu suka sara masa. Peculiar ta yi kuka har ta shiɗe, har yau ba ta son zuwa niƙa. Bilki na nan da wainarta, kuma ba a faɗin maganar golmon a gabanta, ko da yake a kasuwa ana faɗa. Saloma ta koma wurin ɗanta a Mahuta. Kafin ta tafi ta hana Kefas ƙarasa huɗar, ta je da kanta ta shuka dawa a layi taran. Da kaka ta yi, masu wucewa hanyar Ribah sun ga dawar ta fitar da kai, ciyawa ta kewaye ta ta ko'ina.