Inshorar Mai Agogo

Duk wanda ya san Mai Agogo ya san ba ya iya barin abu a rufe. Shekara talatin da 'yan kai yana zaune a ɗan shagonsa na ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da katin waya, kuma ba agogo kaɗai yake buɗewa ba. Rediyon gidansa, fanka, har keken ɗinkin matarsa, babu wanda bai kwance ya leƙa cikinsa ba. Matar takan ce da ɗan Adam yana da murfi a baya, da tuni ya buɗe ta ya ga abin da ke sa ta mita.

'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, ita ta kai shi banki ta sa aka buɗe masa sabon asusu, irin wanda ake cirar ɗan wani abu duk wata a haɗa wa mutum da wasu gata. Aka ba shi kati da wani ɗan littafi mai ƙananan rubutu kamar tururuwa.

"Baba, wannan ba karantawa ake yi ba," in ji ta. "Ajiyewa ake yi."

Washegari ya maƙala gilashinsa na aiki a ido ɗaya, ya karance littafin tas. Ashe idan wayarsa ta faɗi ta fashe za a gyara masa. Idan motarsa ta mutu a hanya za a zo a ja ta, ko da yake keke ne da shi. Akwai wani ɗakin hutu a filin jirgin sama da katin nan ke buɗewa. Sai kuma babbar, inshorar tafiya, wadda ita kaɗai ta cinye shafi goma sha ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai. Yaya mutanen da ba su taɓa ganinsa ba za su ɗauki nauyin asararsa? Ya kira lambar da ke bayan littafin, wata budurwa mai sanyin murya ta ɗauka.

"'Yata, tambaya gare ni. Motar nan da ke jan mota, tana jan keke?"

"A'a Baba, mota kaɗai."

"To ita tafiyar, daga ina take farawa? In na je kasuwa iska ta ɗauke mini hula, na yi tafiya?"

Ya ji tana danne dariya. Ta ce sai wadda mutum zai kwana biyu aƙalla a wani gari. Ya ƙure ta da tambayoyi har kunnensa ya yi zafi, amma ya ajiye wayar bai gamsu ba. Bayani daban, ganin abu yana aiki daban.

Bayan wata biyu yayansa ya kira shi. Yayan tsohon malamin makaranta ne, yana wani gari mai nisan kwana biyu a mota, kuma idonsa ya fara rauni. Ya ce yana son agogon bangon mahaifinsu, wanda ke rataye a shagon Mai Agogo tun rasuwar tsohon. Ko ba ya ganin hannuwan agogon sosai, zai ji bugunsa. 'Yar ta ce bayan babanta ba zai ɗauki zaman mota ba, ta saya masa tikitin jirgi. Ya naɗe agogon cikin bargo, ya kwantar da shi a akwati tsakanin kayan sawarsa.

A filin jirgi, da aka karɓi akwatin, kai tsaye ya nemi ɗakin hutun nan. Ya miƙa katin yana jiran a kore shi, sai ya ga an buɗe masa ƙofa har da sannu da zuwa. Ciki tsit, kujeru masu laushi, ga wata na'ura a kusurwa da ke haɗa shayi da kanta. Ya danna, ta zuba. Ya sake dannawa, ya kara kunnensa a jikinta yana sauraron abin da ke juyawa a ciki. Sai da ya sha kofi huɗu kafin wani ma'aikaci ya taɓa kafaɗarsa ya ce jirginsu na shirin rufe ƙofa.

Da suka sauka, ya tsaya gaban bel ɗin da ke zagayawa da kaya. Kowa ya ɗauki nasa ya wuce. Bel ɗin ya tsaya, babu akwatinsa. Gaskiyar magana, abin da ya fara ji a ransa ɗoki ne: yau zai ga cikin inshora. Ya cike fom a ofishin kayan da suka ɓata, ya zauna a benci ya kira lambar. Ya yi sa'a budurwar nan ce ta ɗauka, kuma ta gane shi.

"Baba mai keke! Yau kuma me ya faru?"

Ya faɗa mata bakinsa har kunne. Ta ce in an wuce awa goma sha biyu ya sayi riga da sabulu da abin da ya zama dole, ya adana rasit. In an yi mako uku ba a gani ba, za a biya shi kayan.

"Me da me ke ciki?"

"Kaya kala uku, da agogon bango."

"Kana da rasit ɗin agogon?"

"'Yata, tun ba a haife ni ba mahaifina ya saye shi."

"To ka kimanta, nawa zai yi?"

Shi da ke yanke wa agogon mutane farashi da kallo ɗaya, ya kasa yanke wa wannan. Ya tuna tsohon yana hawa kujera duk ƙarshen mako ya murɗa makullin sau goma sha biyu, su kuma suna ƙasa suna ƙirga masa. Ya ce zai sake kira.

Yaya ya tarbe shi da tsokana. "Na aike ka agogo, ka kawo mini fom." Amma da ya ga ƙanen nasa ko abinci ya kasa ci, sai ya bar zancen.

Mai Agogo bai zauna jira ba. Kullum da safe yana ofishin kayan, cikin sabuwar rigar da ta yi masa yawa, yana yi wa ma'aikacin tambaya. Daga hannun wanda ya karɓi akwati, ina yake zuwa? Wa yake ɗora shi a amalanke? Da farko mutumin ya ƙosa, daga baya ya ɗauki biro ya zana masa hanyar a bayan takarda. Mai Agogo ya bi zanen da yatsa, ya tsaya a wani ɗan akwati da aka zana a tsakiya.

"Nan fa?"

"Na'urar da ke haska cikin kaya ce."

"In ta hango ƙarafa da waya a nannaɗe, masu kama da abin tsoro?"

Ma'aikacin ya dube shi, ya jawo waya. Ashe akwatin ko jirgi bai shiga ba. Masu tsaro ne suka ware shi gefe, suka yi ta kiran mai shi a lasifika ya zo ya buɗe, shi kuwa yana can yana sauraron na'urar shayi.

A rana ta huɗu akwatin ya iso. Suka buɗe shi a tsakar ɗakin Yaya. Agogon lafiya lau, sai dai gilashin fuskarsa ya ƙara tsagewa, sabuwar tsaga ta haɗu da wata tsohuwa a gefen ƙarfe bakwai. Yaya ya shafa wurin da yatsa.

"Ka tuna dukan da ka sha a kan wannan tsohuwar?"

"Ina zan manta? Har yau ban san yadda aka yi ba."

"Ni ne. Ƙwallo na buga a ɗaki. Da Baba ya shigo ya same ka a kan kujera kana leƙen cikinsa, sai na ja bakina na yi shiru."

Mai Agogo ya saki baki yana kallonsa. "Shekara hamsin da biyar, Yaya!"

"To ai ga shi na faɗa."

Suka yi dariya har Yaya ya kama tari. Sannan ya ce a nemo ƙusa, ya nuna bangon da ke daidai kan gadonsa. Mai Agogo ya ce a can zai hana shi barci, Yaya ya ce ina ruwansa, kuma a nan ɗin aka kafa shi.