Muryar Sadiqa Tana Abuja

Na gaji da aikin nan, gaskiya. Shekara da shekaru ina bin ƙauyukan Roni da Gwiwa a bayan babur, ina naɗar hirar masu ciwon sikila don bincike. Yanzu kuma an kafa rumbun bayanan lafiya na ƙasa, komai muka naɗa sai ya tafi Abuja, a cire suna a sa lamba, mu kuma a goge na'urorinmu tas. An yi mana bita a otal, an ci shinkafa, an tafa.

Ran Laraba ina ofishinmu na Kazaure sai ga Inna Dela daga Roni, mayafinta duk ƙurar hanya. 'Yarta Sadiqa na cikin waɗanda na yi hira da su bara. Yarinya ce mai surutun tsiya, na yi mata tambaya ɗaya ta ba ni labarin awakin gidansu kaf. Da damina ciwon ya tashi, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan mun gaisa na yi mata ta'aziyya, ta ce, "'Yar nan, maganar da kika ɗauka a bakin Sadiqa nake so in ji. Ko hotonta ba ni da shi. Muryar ta fara ɓace mini."

Na kira babban ofis. Wani saurayi mai ladabi ya karanto mini doka: sai mai bincike da kwamiti ya amince da shi ne zai saurara. Na ce uwarta ce fa. Ya ce ai don kare yarinyar aka yi haka, kuma ko an yarda, ba a san wacce ce tata ba cikin dubbai. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga shi ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Na dawo na durƙusa gabanta. "Inna, muryar tana nan, ba ta ɓata ba. Amma an cire sunanta, an haɗa ta da na mutane dubbai. Ba wanda zai iya ware ta."

Ta tuɓe takalmanta, ta gyara zama a kan benci.

"To ki ce su kunna mini su duka," in ji ta. "Zan zauna. Ni in na ji zan gane."